Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa: sharuɗɗan da ke bayan tikiti

Tun da Saudiyya ta fito da nata jirgin ruwan yawon shaƙatawa, wato Aroya, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda a watan Disamba na 2024, zancen irin wannan tafiya ya fara shigowa hirar mutanenmu. Mai zuwa Umra ya ji labari a can. Ɗan kasuwar da ke saro kaya a Dubai ya hango manyan jiragen kamfanin MSC a bakin teku lokacin hunturu. Ga kuma ejan-ejan na tafiye-tafiye suna turo talla ta WhatsApp har Birnin Kebbi da Jega da Argungu: mako guda a kan teku, da ɗaki da abinci, a leƙa ƙasa uku ko huɗu, a kan farashin da ido ke ganin ya yi sauƙi. Tallan bai yi ƙarya ba, sai dai abin da ya faɗa bai kai rabin abin da ke cikin takardar da mutum zai amince da ita ba.

Wannan takarda ita ce yarjejeniyar fasinja. Da zarar ka biya kuɗi ta hau kanka, ko ka karanta ko ba ka karanta ba, ta kuma hau kan duk wanda ka biya wa. Shafuka ne masu yawa da ƙananan haruffa, lauyoyin kamfani suka tsara. A ganina abin da ke cikinta kashi biyu ne. Akwai dokokin da aka kafa don tsare aljihun kamfani, su ake karantawa da idon ɗan kasuwa, a yi lissafi, a yi tambaya kafin kuɗi su bar hannu. Akwai kuma waɗanda aka kafa don tsare rai, su kam babu ciniki a cikinsu. Abin da nake mana gudu shi ne mu juya lamarin: mu biya kuɗi ido rufe, sannan mu shiga jirgi muna ɗaga murya ga ma'aikaci a kan kaskon turare.

Mu fara da kuɗi. Farashin da ke jikin talla na mutum ɗaya ne, amma bisa sharaɗin mutum biyu ne za su kwana a ɗakin. Wanda zai tafi shi kaɗai yakan biya kusan kuɗin mutum biyu. Kuma galibi farashin ɗaki mafi araha ne aka rubuta, na can tsakiyar jirgi wanda ba ya da taga. Taga da kuɗinta, baranda da nata. Harajin tashoshin da za a tsaya, wani tallan ya haɗa da shi, wani kuma sai ka zo biya yake fitowa. Sai kuɗin hidima, wanda shi ne ya fi ba sabon shiga mamaki. Kamfanoni irin su Carnival da Royal Caribbean suna ɗora wa kowane fasinja wani kuɗi a kowace rana, a 2025 tsakanin dala 16 zuwa 21, gwargwadon kamfani da irin ɗaki. Ɗauki magidanci da matarsa da yara biyu, dare 7, a ce dala 18 ce: dala 504 ke nan, ba a sayi ko kwalbar lemo ba. Mai karatu ya mayar da ita naira da kansa. Wasu kamfanonin sun yarda fasinja ya je teburin karɓar baƙi ya ce a rage ko a cire, amma ni ba na ba da wannan shawara. Kuɗin nan masu gyaran ɗaki da masu rabon abinci ake raba wa, yawancinsu 'yan Filifin da Indiya da Indunusiya, waɗanda ke yin watanni a teku ba su ga iyalinsu ba. Wanda ba zai iya biya ba, gara ya sa shi a lissafi tun daga gida ya nemi ɗaki mai rahusa.

Ruwan gora, lemon kwalba, intanet, wanki, hoto, yawon cikin gari idan an tsaya, duk daban ake biya, kuma a kan abin sha akan ƙara kashi 18 cikin ɗari ko fiye. Kada ejan ya cusa maka tsarin nan na “sha iya shanka” mai tsada, domin don masu shan giya aka yi shi. Akwai na lemo da ruwa, kuɗinsa bai kai ko kusa ba.

Biyan kuma hawa biyu ne. Da farko kafin alƙalami, wanda da shi ake riƙe maka ɗaki. Shi ma iri biyu ne, akwai wanda ake mayarwa idan ka fasa da wuri, akwai wanda ya tafi ke nan, sai dai wani lokacin a ba ka takardar cewa kana bin su wani abu da za ka yi amfani da shi a wata tafiyar cikin wa'adi. Farashi mai rahusa kusan kullum da na biyun yake zuwa. Sai cikon kuɗi, wanda ake so ya shiga kwana 75 zuwa 90 kafin tashi, a dogayen tafiye-tafiye har kwana 120. Idan ranar ta wuce ba ka cika ba, na'ura ce ke soke ɗakin, babu wanda zai kira ka ya ji ko albasa ce ba ta fita ba a Aliero. Daga ranar cikon kuma tarar fasawa ke fara hawa. A jadawalin Royal Caribbean na kasuwar Amurka, ga tafiyar mako guda, wanda ya fasa saura kwana 89 zuwa 75 ya rasa kashi 25 cikin ɗari, daga 74 zuwa 61 ya rasa rabi, daga 60 zuwa 31 kashi 75, saura kwana 30 ko ƙasa da haka kuwa ko sisi ba ya dawowa. Kowane kamfani da nasa jadawalin, amma duk haka suke hawa. Rasuwa a dangi, rashin lafiya, jirgin sama daga Abuja ya yi latti, babu ɗaya da kamfani ya ɗauki nauyinsa. Wannan aikin inshorar tafiya ne, ita ma sai an duba abin da ta ƙunsa.

Inda ɗan Najeriya ya fi faɗawa rami shi ne biza, kuma a nan nake so a tsaya a nutsu. Kamfanin jirgi ba ya nema maka biza, bai kuma damu da ko an hana ka ba. Ka iso tasha babu cikakkun takardu, a ce ka koma, kuɗinka sun tafi. Kuma ba bizar ƙasar da za a tashi kawai ake nema ba, har ta ƙasashen da za a tsaya, sau da yawa ko da ka ce kai ba za ka sauka ba. Jirgin da ya tashi daga Basalona ko Janowa, ya leƙa Tunisiya ko Turkiyya, ya dawo Turai, to ka fita daga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ka sake shiga, saboda haka bizar shiga sau ɗaya ba ta isa ba. Haka jirgin da ya tashi daga Miyami ya zaga tsibiran Karibiyan ya dawo, shiga Amurka sau biyu ke nan. A watan Yuli na 2025 kuwa Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wa'adin wata uku. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutumin Kebbi ya yi taka-tsantsan da duk tallan da ya ce masa Miyami.

Ga kuma inda gizo ke saƙar: ofishin jakadanci yana son ganin shaidar ka kama ɗaki kafin ya ba ka biza, kai kuma ba ka son ka zuba kuɗi kafin ka san matsayinka. Mafita ita ce ka zaɓi kafin alƙalamin da ake mayarwa ko da farashinsa ya ɗan ɗara, ka kuma shigar da neman biza da wuri yadda amsa za ta zo kafin ranar cikon kuɗi. Dokar Shengen ta yarda a nema tun saura wata shida. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida bayan dawowa, katin rigakafin cutar shawara kuma yana cikin jaka.

Idan ta hannun ejan ka bi, ka ce ya ba ka lambar rajistar da kamfanin jirgin ya fitar, ka shiga shafinsu da kanka ka ga sunanka da lambar ɗakinka da abin da aka biya. Rasit mai tambarin ejan ba ya shigar da kowa jirgi. Sunan kuma ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi, domin mu da muke rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, mu saka sunan gari a wata takardar mu cire a wata, mun fi kowa shiga wannan rikicin.

Tsarin ɗakunan ma ba da irin iyalinmu aka yi shi ba. Ɗaki mutum biyu ne zuwa huɗu, jariri ma a ƙidaye yake. Alhaji mai mata biyu da yara shida sai ya kama ɗaki uku ko fiye, kowane da babban da zai tsaya a kansa. A jiragen da ke tashi daga Amurka babba shi ne ɗan shekara 21, a Turai yawanci 18. Ango da amarya da ba su kai ba ana yi musu sassauci, amma sai da takardar shaidar aure, wadda da yawanmu ba mu taɓa nema ba. Ɗan riƙo ko ƙanwar mata da ba ta balaga ba, sai da rubutaccen izinin iyaye. Mai juna biyu da cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar ba a ɗaukar ta, haka jaririn da bai cika wata shida ba, a tafiyar da ake kwanaki a tsakiyar teku kuwa sai ya shekara. Wannan ba wulaƙanci ba ne, asibitin jirgi ba shi da kayan kula da bakwaini.

Shi kuwa kamfani ya bar wa kansa ƙofofi da yawa. Yana da ikon canja hanya ko tsallake gari saboda iska ko tsaro, abin da za ka samu bai wuce harajin tashar da aka tsallake ba. An ga haka a 2024, lokacin da hare-haren 'yan Huthi suka sa kamfanoni suka janye jiragensu daga Bahar Maliya. Idan kuma rigima ta kai ga shari'a, yarjejeniyar ta riga ta faɗi kotun da za a je. Ta Carnival ta ce Miyami, kuma tun a 1991 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da ingancin irin wannan sharaɗi a shari'ar Carnival da iyalin Shute. Wanda ya ji rauni yana da kimanin wata shida ya sanar a rubuce, shekara guda ya shigar da ƙara. Jiragen kansu yawanci tutar Bahamas ko Panama ko Malta suke ɗauke da ita. Babbar kotun Birnin Kebbi ba ta da ta cewa.

Sai batun karrama tsofaffin abokan ciniki, wanda ejan-ejan ke yawan kwaɗaitarwa da shi. Kamar gyara ne da mai awo ke ƙara wa wanda ya saba saye a wurinsa: tana da daɗi, amma ba don ita ake zuwa kasuwa ba. A tsarin Royal Caribbean mai suna Crown & Anchor, kowane dare maki ɗaya ne, a manyan ɗakuna biyu. Maki 3 ya kai ka matakin Gold, 30 Platinum, 55 Emerald, 80 Diamond, 175 Diamond Plus, 700 kuma Pinnacle, inda ake ba da tafiya kyauta. Alherin kirki daga Diamond yake farawa, inda ake ba da abin sha huɗu kyauta kullum, ana kuma iya karɓar lemo ko kofi da su. To mai tafiyar mako guda sau ɗaya a shekara, a ɗaki na talaka, sai ya yi shekara 12 kafin ya taka wurin. Wannan tsari an yi shi ne don mai ritaya da ke zaune a Fulorida, wanda tasha ke bayan gidansa. Mu kuwa kafin mu ga jirgin mun biya kuɗin Abuja ko Kano, da jirgin sama, da biza, da otal.

Kuma kamfani na iya sauya dokar duk ranar da ya ga dama. A 2025 Carnival ya sanar da cewa zai bar tsohon tsarinsa na ƙirga kwanaki, ya koma duba yawan kuɗin da mutum ke kashewa, lamarin da ya fusata waɗanda suka yi shekaru suna tarawa. Abin da nake ganin ya dace da mu kaɗan ne. Rajista kyauta ce, a yi ta tun kafin tafiyar farko, a tabbata lambar ta shiga cikin rajistar ɗaki. Kamfanin MSC yana ba mambobinsa rangwamen kashi 5 cikin ɗari, yana kuma karɓar matsayin da mutum ke da shi a wasu manyan otal-otal ko wani kamfanin jirgi ya ba shi kwatankwacinsa, wanda zai amfani ɗan kasuwar da ya saba sauka a otal guda a Dubai ko Makka. Amma kada neman maki ya sa ka bar jirgin da ya fi araha ko wanda bizarsa ta fi sauƙi. Haka teburin nan da ke cikin jirgi, inda ake cewa ka kama tafiya ta gaba da ɗan kafin alƙalami kaɗan: mai fasfon da sai ya jira hukuncin ofishin jakadanci ya yi tunani sau biyu.

Yanzu mu shiga jirgi. A bakin tasha ake karɓar akwatuna a wuce da su ta na'ura. Idan an ga abin da aka hana, akwatin ba ya zuwa ɗaki, sai dai ka tarar da 'yar takarda cewa ka sauko ofishin tsaro. Can za a sa ka buɗe a gabansu, a zare abin, a ba ka rasit, sai ranar sauka ka karɓa. Yanzu ki duba akwatin Hajiya: kaskon turare na lantarki, gawayi, turaren wuta a kwalba, turaren tsinke, ƙaramin dutsen guga, hitar ruwa, doguwar wayar jona caja. Kusan duk waɗannan za su tsaya a ƙasa. Tukunyar shisha ma an hana. Butar alwala ta roba kam babu mai taɓa ta. Kilishi da dambun nama na gida ba a shiga da su, balle ma Tarayyar Turai ta haramta shigo da nama da madara a kayan matafiyi tun daga filin jirgin sama. Magani ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita, musamman a Dubai inda irin su tiramadol ke kai mutum gidan yari.

Dalilin duk wannan wuta ce. A teku babu abin da ake tsoro kamar ta. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi daga barandar wani ɗaki a jirgin Star Princess, bincike ya fi zargin guntun sigari, ta cinye ɗakuna da dama, mutum ɗaya ya mutu. Shi ya sa shan taba a ɗaki ko baranda ke jawo tarar ɗaruruwan daloli, kyaftin kuma yana da ikon sauke mutum a tasha ta gaba, ya nemi hanyar gida da kuɗinsa.

Kafin jirgi ya ɗaga akwai atisayen ceto, kuma dole ne a kan kowa. Za a nuna maka inda za ka taru idan an busa ƙaho gajere sau bakwai da dogo ɗaya, da yadda ake ɗaura rigar kariya, a kuma duba katinka don a san ka halarta. A da doka ta ba da sa'a 24 bayan hawan fasinja. Sai ga hatsarin jirgin Costa Concordia a daren 13 ga Janairu 2012 kusa da tsibirin Giglio na Italiya, inda mutum 32 suka mutu, alhali ɗaruruwan da suka hau a yammacin ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Daga 2015 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare rayuka a teku, wato SOLAS, ta wajabta a yi shi kafin tashi ko nan take bayan tashi. Ni ban ga mutanen da ya kamata su fi mu girmama wannan doka ba. A watan Mayu na 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi, waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne kawai. Alƙaluman da aka riƙa bayarwa sun sha bamban, domin a mashigunmu ba a saba rubuta sunan wanda ya hau ba. A Gummi ta Zamfara ma an yi irin wannan rashi a watan Satumba na 2024. Katin nan da ake dannawa duk lokacin da ka fita ko ka dawo, da ƙin ƙara ko jariri ɗaya a ɗakin da ya cika saboda an ƙidaya kujerun kwale-kwalen ceto, su ne ainihin abin da muke roƙon a tabbatar mana a Yawuri da Zamare da Dole Kaina.

Lokaci ma doka ne. Idan an tsaya a gari, ana so kowa ya dawo kamar rabin sa'a kafin tashi, kuma agogon jirgi ake bi, wanda wani lokacin ya saɓa da na garin da wayarka ta ɗauka. Wanda ya fita yawon da kamfani ya shirya ana jiran sa. Wanda ya fita da kansa ya tsaya ciniki a kasuwa, jirgi tafiyarsa yake yi, a bar masa fasfonsa wurin wakilin tasha. Bature zai hau jirgin sama ya tare shi a gaba. Mai koren fasfo kuwa wataƙila ba shi da izinin kwana a ƙasar da aka bar shi.

Asibitin jirgi da dala ake biya, inshorar lafiya ta gida ba ta aiki a can. Mai amai da gudawa akan killace shi a ɗaki. Waya kuma a kashe mata data da zarar an bar gaɓa, domin layin teku tsadarsa ta wuce misali.

Akwai abin da ya kamata magidanci ya sani kafin ya kwashi iyalinsa. Yawancin jiragen nan akwai gidan caca da mashaya a tsakiyarsu, ta nan ake ratsawa zuwa cin abinci, bakin wurin ninƙaya kuma shigar turawa ce. Naman halal wasu kamfanoni suna tanadarsa idan an sanar makonni kafin tafiya, in ba haka ba sai kifi da ganye. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, sai an duba a kowace salla. Ta wannan fuskar Aroya ya fi kusa da mu, babu giya, babu caca, akwai wurin salla, abincinsa halal ne.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Katin ɗakinka shi ne makulli, shi ne shaida, shi ne aljihu, an jona shi da katin banki ko da dalolin da ka ajiye a ranar farko. Yaro ma yana iya saye da nasa, sai ka je ka sa a rufe ko a ƙayyade masa. A riƙa duba lissafin kullum a waya ko talabijin ɗin ɗaki, duk abin da ba ka gane ba ka je teburin karɓar baƙi tun kafin daren ƙarshe, lokacin da layi ke yin tsawo, domin bayan an sauka gyaran yana da wuya. Mai amfani da katin asusun dala ya sani kamfani kan riƙe wani kaso a matsayin jingina, banki kuma yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya sake shi. Kuɗin otal na dawowa da na jirgin Abuja zuwa Birnin Kebbi a ware su daban, kada su zauna a wannan katin.